Gaya wa Wancan

Yayana Lurwanu ya yi kusan rabin rayuwarsa yana yanka tikiti a tashar jirgin ruwa ta unguwar Treichville, a birnin Abijan. Da farko a jiragen katako masu inji yake, a tsaye, ruwa na fallatsa masa a wando. Daga baya da aka kawo bato-bus, manyan jiragen fasinja na ƙarfe, aka ba shi taga da kujera da shuɗiyar riga mai aljihu biyu. Duk wanda ya saba ƙetare lagun, ruwan da ya ratsa garin, a shekarun nan ya san hannun Yaya, dogayen yatsu da zoben azurfa a ƙaramin, amma kaɗan ne za su gane shi a hanya, don tagar ba ta nuna fuska. Shi kuma hakan ya yi masa daidai. Mutum ne da zai shigo ɗaki ya zauna ya tashi ya fita, sai an ga tabarma ta ɗan karkace sannan a ce ashe wani ya zo. Ni ce ƙanwarsa Mairama, autar gidan, kuma duk surutun da Allah ya hana shi ni ya ɗora wa.

Shi ne ɗan fari. Wanda bai tashi a gida irin namu ba sai an yi masa bayani. Innarmu Tabawa 'yar Tawa ce, can Nijar, kuma ta iso Abijan da kunyar ɗan fari cif, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi Babanmu ya miƙa shi ga ƙanwarsa, Gwaggo, a Treichville. Ita ta riƙe shi, mijinta ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Shi ya sa Faransanci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa yana yi yana tuntuɓe. Sai da Gwaggo ta rasu, yana da shekara goma sha biyar, ya dawo gidanmu na Adjamé, wani gidan haya mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya a bayan ofishin magajin gari. Shekarata huɗu a lokacin, na ɗauka baƙo aka yi.

A bakin Inna sunansa "wancan". Yana zaune, taku biyu ne tsakaninsu, za ta juya fuska wajen bango ta ce da ni, "Mairama, gaya wa wancan tuwonshi na hucewa." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, wai tuwonka na hucewa." Shi kuma ya ce, "Ce mata na gode." Haka muka yi shekara ashirin, ina tsakiya ina kai saƙo ina dawo da amsa a cikin ɗaki ɗaya. Wani lokaci don tsokana nakan ƙara nawa, in ce, "Wai kuma ta ce ka ba ni naman." Inna ta jefe ni da mafici, Yaya ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya miƙo mini naman.

Babanmu Malam Nomau takalman fata yake sayarwa a kasuwar Treichville, a wani lungu kusa da masu atamfa. Ya rasu a 1972. Da aka raba kayansa, babbar rigarsa ta saƙi mai ruwan toka da jar hularsa suka faɗa hannun Yaya. Ya ninke su ya sa a akwatin ƙarfe tare da kafur, bai ƙara buɗewa ba. Daga baya ya yi aure, ya kawo matarsa Mero ɗakin da ke fuskantar namu.

Shekara goma bayan rasuwar Baba kan Inna ya fara zubar da abubuwa. Ta zuba gishiri a koko. Ta aike ni in gaida maƙwabciyar da muka yi sadakar arba'in ɗinta tun bara waccan. Wata safiya na tarar da ita da igiya a hannu tana zagaya tsakar gida tana neman rijiya, a gidan da ba a taɓa haƙa rijiya ba. Likita ya ce tsufa ne, malamai suka ba da rubutu, muka haɗa duka biyun. Mero ta karɓi girki. A lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ina aikin buga takardu da tafireta a wani ɗan ofishi kusa da na magajin gari. Kowace safiya kafin in fita sai in durƙusa in ce, "Inna, wace ce ni?" Ta harare ni ta ce, "Mairama, ba ki da aikin yi ne?" Sai in fita hankalina kwance, na san yau ma ina nan a kanta.

Wata rana Yaya ya ji ni ina yi. Muka fito tare za mu tashar gbaka, ƙananan motocin haya na garin nan. Da muka yi nisa ya ce, "Ke kina da hanyar sani. Ni fa?"

Na ce, "Kai me?"

Ya ce, "In ta manta da ni, me zai canza? Da ma ba ta kallona, ba ta kiran sunana. Ta yaya zan gane?"

Na tsaya cak a bakin titi. Gaskiya ce ya faɗa. Tun da Mero ta karɓi girki, maganar tuwon nan ta ƙare, kuma ita kaɗai ce da ma ke shiga tsakaninsu. Idan ya gaishe ta da yamma takan juya fuska wajen bango, to amma a lokacin kowane baƙon namiji haka take yi masa, har mai karanta mitar ruwa. Ko kunyar ɗa ce, ko kunyar baƙo, Allah kaɗai ya sani. Abin nan ya tsaya masa a rai, ni ma ya tsaya mini.

To, akwai wuri ɗaya da Yaya ke buɗe baki, shi ne teyatur. Tun 1975 yake cikin wata ƙungiyar samari masu wasan kwaikwayo, yawancinsu 'ya'yan Hausawa da Jula da aka haifa a nan, suna taruwa bayan aiki a ɗakin taron wata makaranta a Treichville. Kar ku tambaye ni yadda aka yi. Mutumin da ba zai iya ce wa mai aceke, dambun rogon garin nan, ta ƙara masa yaji ba, idan ya hau dandali sai ka ji muryarsa daga titi. Wasanninsu na ban dariya ne, baƙauye ya zo Abijan ya ɓace, mai gidan haya da 'yan hayarsa, irin waɗannan. Mutane su zo su yi dariya su koma gida, kowa ya san inda aka fara da inda aka ƙare.

A 1983 wani malamin makaranta, Mushe Ja'afaru (Mushe shi ne Malam da Faransanci), ya dawo daga karatu a Faransa da gemu da jakar rataye, ya ce duk wannan shirme ne, zamani ya wuce nan. Ya rubuto nasa. Babu labule, babu ɗaki, sai benci ɗaya da agogon bango da aka cire wa hannuwa. Mutum ɗaya ne a wasan, amma mutum uku ke yin sa: saurayi, magidanci, da tsoho. Dukansu suna kan dandali lokaci guda suna musu a kan abin da ya faru da su. Tsohon yana jiran jirgin ruwa, bai san wace shekara ake ciki ba, bai san ko zuwa yake ko komawa ba.

Ni aka kawo wa in buga. Na yi shafi shida na kwashi takardun na tafi har makarantar na ce, "Mushe, shafukanka sun cakuɗe. Mutumin nan ya mutu a shafi na uku, ga shi a na biyar yana neman aure."

Ya yi dariya ya ce, "Haka ake so, Madam. La mémoire, wato tunanin baya, ba ta bin layi."

Na ce, "Mu dai a gidanmu muna da mai irin wannan, kuma ba tafi muke yi mata ba."

Duk da haka na buga. Kuma da yake ni kaɗai na san inda kowace magana take, aka ba ni aikin zama a bayan allo in riƙa raɗa wa duk wanda ya manta layinsa.

Mushe ya bar wasu shafuka farare da gangan. Ya ce kowane ɗan wasa ya je gida ya samo tunani na gaske ya cike nasa. Yaya aka ba tsohon, don haka ya ce zai kawo labarin zuwan Babanmu Abijan. Wa ya san labarin in ba Inna ba? Muka zauna mu uku yadda muka saba. Ya ce da ni, "Tambaye ta wace shekara suka iso." Na tambaya. Inna tana fuskantar bango ta ce, "Wa ke tambaya?" Na ce, "Yaya ne." Ba ta ƙara cewa komai ba. Yaya ya rufe littafinsa ya fita, ni kuma na zauna ina jin haushin da ban san a kan wa zan sauke ba.

Wata Asabar cikin watan Yuni aka yi gwajin kaya. Yaya ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauki rigar Baba da hular ya tafi da su. A can aka shafa masa farar hoda a gashi da gemu. Da aka tashi, ruwan sama ya riga ya jiƙe rigar aikinsa da ya rataye kusa da taga, sai ya ce bari ya taho gida a haka. Ni na riga shi dawowa. Daga baya ya ba ni labari cewa a gbaka har wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri yana ce masa "Papa".

Ana la'asar sakaliya ya shigo. Inna tana zaune a bakin ƙofarmu da tasbaha. Matar da sai an kama ta take tashi, sai na ga ta dafa bango ta miƙe da kanta, ta gyara mayafi, ta durƙusa. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ka daɗe."

Na buɗe baki zan ce Inna ai Yaya ne, sai ya ɗaga mini hannu, tafin a buɗe, daidai yadda Baba ke yi in yana so a yi shiru. Ban san inda ya samo wannan ba. Ya zauna a kan tabarma. Ta shiga ɗaki ta ɗebo ruwa a kwanon sha ta miƙa masa da hannu biyu, ta zauna tana dubansa sosai, fuska da fuska. Ta tambaye shi kasuwa. Ta ce fatar da aka kawo daga Tawa ba ta jemu ba, kar ya saya. Ta ba shi labarin wata akuyar uwarta da ta ci zanen amarya. Ta yi dariya har tana dukan gwiwarsa. Shi dai "to" da "haka ne" kawai yake cewa, har aka kira magariba.

Bayan salla na bi shi ɗakinsa da niyyar masifa. Na tarar da shi zaune a bakin gado, hular a hannu. Kafin in yi magana ya ce, "Kin san tana da wani ɗan baƙin ɗigo a farin idonta na hagu?"

Na ce, "Kowa ya sani."

Ya ce, "Ni yau na sani."

Na juya na fita ban yi masifar ba.

Na ɗauka sau ɗaya ne. Ina. Daga ranar, Yaya ya fita tun asuba da rigar aiki Inna na barci, daga aiki ya wuce gwaji, daga gwaji ya dawo gida cikin rigar Baba da hoda a gemu. Ranar Lahadi ma da babu gwaji sai ya zagaya ɗakin wani abokinsa ya shirya ya shigo. Inna ta tarbe shi, ta kawo ruwa, ta zauna ta yi ta zuba. Yadda suka taho a bayan motar goro da ta sauke kaya za ta koma kudu. Yadda ta fara ganin lagun ta ɗauka ambaliya ce ta cinye garin, ta ce a juya. Ɗakin farko da suka kama, mai yoyo a kusurwa uku. Wata rana ta ce masa, "Malam, mi ya sami bakinka? Hausarka ta koma ta 'yan lakwal." Ya ce haƙori ne ke damunsa. Duk abin da ta faɗa sai ya je ya rubuta ya kai wa Mushe, Mushe ya yi ta murna yana jan gemu, ni kuma in sake buga shafuka ina tsine wa teyatur da wanda ya ƙirƙiro shi.

Gidan ya rikice. Mero ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Mairama, ki yi wa yayanki magana. Ni yanzu in ya shigo ban san ko durƙusawa zan yi in gaida suruki ba, ko in ce wa miji ga ruwan wanka." Maƙwabta tsofaffi da suka san Baba suka fara kauce masa a ƙofar gida suna ta'awwuzi. Ya fara gyaran murya irin na Baba, sau biyu a jere. Ya fara jan ƙafar hagu. Wani abokin aikinsa ya gaya mini wata ma'aikaciyar banki ta nemi tikiti da Faransanci, Yaya ya amsa mata da Hausa, har ya tambaye ta mutan gida. Wata rana a tashar gbaka na kira shi "Yaya" sau uku bai waiga ba. Don baƙin ciki na ce "Malam", ya juyo.

A nan na sauke masa. Na ce, "Wasa kake yi da uwarka. Ka tono mamaci ka kawo mata tsakar gida. Ran da ta ce ka kwana ɗakinta fa? Ran da ka cire rigar nan, sai ta sake yin takaba ke nan? Ko tsoron Allah ba ka ji?"

Mutane suna kallonmu. Ya bari sai da na ƙare, sannan ya ce, "Ke tun kina goye kike hira da ita. Ni sati biyu kawai na samu, shi ma sai da na ari fuskar wani."

Na ce, "To ka samu abin da kake nema? Ta san ka?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ba ta taɓa kawo maganata ba. Ni kuma tsoron tambaya nake."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, kuma na fi jin haushin kaina, don ni ma abin ya fara shiga kaina. Wata yamma ya shigo da gyaran muryar nan, sai na tsinci kaina na zabura ina neman ɗankwali, na sassauta murya, kamar yarinyar da aka kama tana wasa a bakin titi. Shekarata ashirin da biyar, na yi aure na fito, kuma na san sarai hodar da ke gemun nan ni na sayo ta a kasuwar Adjamé.

Inna kuwa wani sabon abu ta tsiro da shi. Idan Mero ta kawo mata abinci sai ta ci rabi, ta rufe sauran a kwano ta tura ƙarƙashin gado. Washegari in ji wari in jawo in zubar. Kullum haka. Idan "Malam" na nan tana fara'a, amma ko tana cikin labari sai ka ga idonta ya koma ƙofar gida. Ta rame. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce, "Inna, ɓeraye kike kiwo?" Ba ta tanka mini. Likita da ma ya ce masu irin ciwonta sukan ɓoye abinci, don haka na sa shi a cikin ciwon.

Ranar wasa ta zo, wata Asabar da ƙarfe huɗu. Mushe ya gayyaci dattawan unguwa, aka jera su a gaba da manyan riguna. Aka fara. Saurayi ya ce ranar Talata ya iso Abijan, magidanci ya ce ƙarya ne Juma'a ce, tsoho ya ce shi bai ma iso ba tukuna. Aka yi rabin awa a haka. Wani dattijo a layin gaba ya juya ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi, "Wai yaushe za a fara?" Aka yi dariya inda ba a shirya dariya ba, aka yi shiru inda aka shirya ta. Ina bayan allo da takardu ina zufa, ina cewa da ma na faɗa.

Amma Yaya, ban taɓa ganinsa haka ba. Da ya zo labarin motar goro da lagun da aka ɗauka ambaliya ce, ɗakin ya yi tsit, na ga wasu tsofaffin suna gyaɗa kai. Sai aka zo kusa da ƙarshe, inda saurayin zai tsaya a gabansa ya ce, "Wane ne kai?" Amsar layi ɗaya ce, mun yi ta sau ɗari: "Ni ne kai, bayan shekara arba'in." Saurayin ya tambaya. Yaya ya yi shiru. Na raɗa masa. Shiru. Na sake, na sake, har na leƙo da kaina daga bayan allo. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Saurayin ya maimaita tambayar. Can Yaya ya ce da Hausa, a wasan da kusan duka Faransanci ne, "Ban sani ba. A tambaye ta."

Ya zauna a benci. Mutane suka ɗauka an ƙare, suka fara tafi, dattawa suka miƙe da saurinsu don kar a ce akwai saura. Mushe ya rungume shi yana cewa wannan ya fi abin da ya rubuta, a bar shi haka. Ni dai ban san ko wasa na gani ba ko wani abu ne ya sami ɗan'uwana a gaban jama'a.

Muka taho gida tare, yana cikin rigar. Rana ba ta faɗi ba muka shiga. Inna ta tarbe shi yadda ta saba, ta kawo ruwa. Ni na shiga ɗaki in ajiye jaka, ƙafata ta bugi kwano a bakin gado. Gajiya da haushin yinin suka taru mini. Na ɗauko kwanon na fito da shi na ce, "Inna, yau ma? Wallahi na gaji. In ba za ki ci ba a daina ɓata wa Mero itace." Na nufi kwata zan zubar.

Ta riƙe bakin zanena. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta karɓe kwanon ta rungume, ta juya wajen Yaya ta ce, "Malam, ka ga ɗiyarka? Kullum sai ta zubar. Na yaron ga ne."

Ya ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Yaro nawa gare mu da ba ni faɗin sunanshi? Da, in ya taso daga bakin ruwa, nan yake tsayawa ya gaishe ni, in ji warin man jirgi a rigarshi. Tun ran da ka dawo bai shigo ba. Yau kwana ashirin da ɗaya."

Na ƙirga a raina. Matar da ba ta san shekarar da muke ciki ba, ba ta yi kuskuren ko kwana ɗaya ba.

Ta ce, "Faɗa kuka yi? In kai ka kore shi, tashi ka je ka dawo mini da shi. Ka ɗauke shi yana ɗan yaye ka ba ƙanwarka, na yi shiru, don ba a magana. Shekara goma sha uku ina zuwa kasuwar Treichville sayen abin da akwai shi a Adjamé, don in hango shi ya taso lakwal. Wannan karon ba ni yin shiru, Malam."

Yaya ya ajiye kwanon sha a hankali. Ya miƙe, bai ja ƙafa ba. Ya ce, "To. Bari in je in kira shi."

Ya shiga ɗakinsa. Na ji Mero ta fara magana ta yi shiru. Ya fito ba riga ya tsuguna a bakin famfo, ya wanke kai da gemu, farin ruwa na bin kwata. Ya koma ya sa shuɗiyar rigar aiki mai aljihu biyu. Bai taho kai tsaye ba, sai da ya fita waje ta ƙofar gida, ya ɗan jima, sannan ya yi sallama ya shigo kamar wanda ya taso daga aiki. Ya tsuguna a inda ya saba, taku biyu daga ƙofarmu, ya ce, "Ina wuni, Inna."

Ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Ni da shi ba mu san wace juyawa ce wannan ba. Sai na ga hannunta ya turo kwanon a hankali ta gefena.

Ta ce, "Mairama, gaya wa wancan tuwonshi ya huce."

Bai jira in faɗa masa ba. Ya miƙo hannu ya ɗauki kwanon. Tuwon rana ne, ya sandare, miyar ta yi sanyi ƙalau. Ya zauna nan a ƙasa ya cinye shi tas, hawaye na zuba a ciki, ya suɗe yatsu.

Ya ce, "Ce mata na gode."

Na share fuska da bakin zane, na juya wajen Inna, na ce mata.